Gasasshiyar Tushiya

Shekarar da aka kawo Mushe Iliya, malamin makaranta, lakkol ɗin Barmu daga Tawa, matarsa Rut ta sha wuyar damina. Itace ya yi nisa da gari, karan hatsin da ta tara kuma ya jiƙe. Duk lokacin da ta hura wuta sai hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, ɗiyarta Lidiya da take goyo ta yi ta tari har ta kasa shan nono. Rut ta ƙudura a ranta yarinyar ba za ta sake irin wannan damina ba.

Da aka gama girbi, ta ɗauki adda ta shiga gonar maƙwabciyarta Inna Kaltumi, wadda ta taɓa ce mata ta zo ta ɗebi makamashi. Ta sare dami guda ke nan sai ta ji salati a bayanta.

"Matar Mushe! Mi kike yi haka?"

"Kara nake yanka, Inna. Ba ke kika ce in ɗiba ba?"

"Na ce ki ɗiba, ban ce ki cinye abincin shanun Attahir ba! Ke ɗiyar birni, aje addar ga."

Rut ta ji kunya. Inna Kaltumi ta zaunar da ita ta faɗa mata yadda ake yi. Kowace kaka Attahir, makiyayi daga wajen Affala, yakan sauko da garkensa gonar. Shanu su ci ganye da kan kara, su bar mata taki. Haka mahaifinsa ya yi da mahaifinta.

"To mu fa?" in ji Rut.

"Mu da tushiya. Gindin kara na cikin ƙasa, saniya ba ta so nata. Ki yi haƙuri dai."

Rut ta yi haƙuri. Shanu suka zo, suka ci, suka tashi, Attahir har da aiko wa Lidiya nono a ƙwarya. Sannan matan biyu suka bi kunya-kunya da hauya suna tono tushiya, suna kakkaɓe ƙasa, suka shanya ta ta bushe.

Bayan gida Inna Kaltumi ta sa aka haƙa rami. Ta kunna ciyawa a ƙasansa, da wuta ta kama suka jera tushiya, suka rufe da tsohon kwanon rufi da ƙasa, aka bar 'yar kafa ɗaya. Farin hayaƙi mai kauri ya fara fitowa.

"Wanga hayaƙi shi ya hana ma ɗiyarki sakat," in ji tsohuwar. "Bari shi ƙare nan waje."

"Sai ta zama gawayi za mu buɗe?"

"Gawayin tushiya? In kika kai ta can, toka za ki kwasa. Gasa ta za mu yi. Kin san tumu?"

Rut ta yi dariya. Wa bai san gasasshen sabon hatsi ba?

"To sa hancinki. Da kin ji ƙamshin tumu, toshe kafar."

Rut ta tsuguna tana jira, goyo a baya. Sau biyu tana miƙa hannu za ta toshe kafar, Inna tana buge shi. A hankali hayaƙin ya yi siriri, ƙamshin ya taso sarai. Ta danna ƙasa a kafar, suka bar ramin ya huce.

Da suka buɗe, tushiyar ta yi jaja-jaja mai duhu, ba nauyi, tana karyewa ƙas a hannu. Haka suka yi ta yi har rani ya ƙare, Rut ta cika kusurwar ɗakin girki.

Ranar da ruwa ya sauka sosai, Rut ta zuba gasasshiyar tushiya a murhu, ta ɗora tukunya. Wuta ta kama nan da nan. Lidiya na zaune kusa da ita tana buga ludayi a ƙasa, numfashinta lafiya lau.

Ruwa na tsagaitawa sai ga Inna Kaltumi da akushi a rufe.

"Na duba ta kan darni ban ga hayaƙi ba, na ce yau gidan Mushe ba a ɗora tukunya ba."

Rut ta buɗe tukunya, tuwo na turiri. Tsohuwar ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya.

"To matsa mini, ɗiyata. Mu haɗa, mu ci duka biyun."