Yaron da Aka Kawo da Wankansa

Shekara ashirin da bakwai Gwaggo ta yi tana aiki a mutuware, ɗakin ajiye gawa na babban asibiti, can ƙarshen baranda bayan ɗakin wanki, inda ko masu shara ba sa son doguwar tsayuwa. Likitoci sun zo sun tafi, an canza firij sau uku, ita tana nan da tarin makullanta a ƙugu. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shugaban asibitin. A faɗi gaskiya ta san aikinta. Aibinta ɗaya ne: ta san ta sani, kuma ranta yana son a tambaye ta.

Wata Juma'a da hantsi Saje ya shigo, ɗan sandan nan mai tumbi da ya saba kawo mata gawar da ake da tuhuma a kanta. A bayansa an turo gadon ƙarfe, a kai yaro ne da bai wuce shekara huɗu ba.

"Gwaggo, yau ma makaranta na zo," in ji Saje, yana toshe hanci da hankici. "Uban ya ce ya fita sayen burodi, ya dawo ya tarar da yaron a haka. Uwar ta ƙi buɗe baki. Su biyu ne manya a gidan. Ɗaya zan tafi da shi, ɗayan ya koma gida da yayar yaron, ga ta can a benci, shekararta shida. Likita kuma sai bayan azahar. Duba min, don Allah."

Ƙa'idar wurin ita ce irin wannan gawa ba a ɓalle mata ko maɓalli ɗaya sai likita na tsaye. Don haka da ido kawai Gwaggo ta duba. An yi wa yaron wanka, an shafe shi da mai har goshinsa na sheƙi. An taje masa kai, an yanke masa farce. Rigar mai dogon hannu ce, sabuwa, an ɓalle ta har wuya. Ga safa, ga takalmi an ɗaure igiyarsa a tsanake, sannan an lulluɓe shi da zanen mace mai ƙamshin sabulu.

Gwaggo ta gyara tsayuwa, irin tsayuwar da take yi in za ta ba da karatu.

"Saje, buɗe kunnenka. Uba in ya kashe ɗansa, da zafin rai yake yi, ko kuwa don ya ƙona zuciyar matar da ke shirin barinsa. Gawar takan zo min a wargaje, da jini, da rigar barci, wani lokacin ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya yi ya gudu, ko ya zauna ya shirga ƙarya. Uwa kuwa ba haka take ba. Ita a hankali take yi, da matashin kai ko da ruwan baho, tana kuka, tana ganin ceton yaron take yi daga wata wahala da ita kaɗai ke ganinta. In ta gama sai ta wanke shi, ta shirya shi kamar za su unguwa, ta zauna tana jira a zo. Na ga irinsu sun fi goma. Dubi ɗaurin igiyar takalmin nan. Wannan aikin uwa ne."

"Kin tabbata?"

"Kai, Saje! Tun kana sa gajeren wando nake nan."

Suka fito baranda tare. Uban akawu ne a wani kamfani, fes da shi cikin farar riga, yana kuka shaɓe-shaɓe har masu wucewa na tsayawa su ba shi haƙuri. Yarinyar na tsaye tsakanin gwiwoyinsa, tafin hannunsa a bayan wuyanta. Uwar kuwa tana ƙarshen bencin, siririya, idonta a bushe ƙamas, hannun rigarta har yanzu da danshi. Ganin busasshen idon nan ya ƙara tunzura Gwaggo.

"Wa ya yi masa wanka?" Saje ya tambayi matar.

Ta kalli mijinta, ta kalli hannunsa da ke wuyan 'yarta, sannan ta sunkuyar da kai. "Ni."

"Wa ya sa masa kaya?"

"Ni."

"To me ya same shi?"

Matar ta sake kallon 'yarta. Saje ya waiwayi Gwaggo ya gyaɗa kai, ya ciro ankwa. Matar ba ta yi gardama ba, ta miƙa hannuwanta. Sai da za a wuce da ita ta gaban Gwaggo ta cafki gefen rigarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, da sauri.

"Inna, don Allah ki riƙe min yarinyar nan a wurinki. Ko a ɗakin gawar ne, ki ajiye ta."

Gwaggo ta fizge rigarta. "Allah ya sawwaƙe! Ɗayan da kika kawo min bai ishe ki ba?"

Aka tafi da matar. Uban ya zo ya durƙusa ya yi wa Gwaggo godiya, ya ja 'yarsa suka fita ta ƙofar baya. Gwaggo ta koma ta sa yaron a firij, ta wanke hannu, ta ci abincinta hankali kwance.

Bayan azahar Likita ta zo, wata matashiya mai tabarau wadda ba ta cika surutu ba. Gwaggo ta kwantar da yaron a kan teburin, ta kunna fitilar sama, ta fara ɓalle maɓallan. A na uku hannunta ya tsaya.

An naɗe ƙirjin yaron da tsumma fari, naɗi mai kyau, an ɗaure shi a gefe inda ba zai takura masa ba. Da ta warware, sai ga haƙarƙarin a loɓe, wurin ya yi baƙi. Ta zare hannun rigar. A damtsen akwai shatin yatsu huɗu, a ɗaya gefen shatin babban yatsa. Gwaggo ba ta san lokacin da ta ɗora nata hannun a kai ba. Hannunta ba ƙarami ba ne, hannun mai ɗaga gawa ne, amma ko kusa bai cike shatin ba. Suka juya shi. Bayan duk tabon bel ne, wani ya warke, wani sabo, har da zanen ƙarfen bel ɗin a kafaɗa. Kuma duk inda ciwo yake, nan aka fi lafta man.

Likita ta sa yatsa cikin gashin da aka taje, a ƙeya, ta daɗe tana taɓawa.

"Ɗaga shi aka yi aka maka da bango," in ji ta. "Babban hannu ne, mai ƙarfi. Kuma ba yau aka fara ba. Wankan da ɗaurin duk bayan ya mutu aka yi su."

Gwaggo ta sake duban farin tsumman. Uwar ce ta wanke shi, a nan kam Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Ta wanke ɗan da aka kashe mata, ta ɗaure masa ƙirji kamar zai ji sauƙi, ta rufe tabon da doguwar riga don kada duniya ta gan shi a haka. Ta yi shiru ne saboda hannun da ya yi ɓarnar yana kan wuyan wadda ta rage mata. Kunya da tsoro suka rufe Gwaggo lokaci guda.

Ta cire safar hannu ta buga wa Saje waya. Can ta jiyo hayaniyar titi.

"Saje, ba ita ba ce! Uban ne! Ka je ka ɗauko yarinyar nan yanzu-yanzu!"

"Haba Gwaggo, da safe kin ce uwa, da rana kin ce uba. Na riga na rubuta, oga ya sa hannu, matar tana tsare. Sai rahoton likita ya zo da hatimi zan iya taɓa mutumin, shi ma sai Litinin, ofis ya tashi."

"Litinin? Yarinyar nan ta ga abin da ya faru, kuma uban ya san ta gani!"

"Ke kika ce min kin tabbata," in ji Saje, ya kashe wayar.

Ta buɗe rajista ta kwafi adireshin gidan iyayen yaron a tafin hannunta. Ta ajiye wa Likita makullan a kan tebur, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta fita da takalmin robar aikinta ta tari tasi.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, da famfo ɗaya a tsakar gida. Ƙofa ta huɗu an garƙame ta da kwaɗo. Gwaggo ta buga, ta sake bugawa, ta leƙa ta taga. Wata maƙwabciya mai goyo da ke shanya ta ajiye bokitinta ta matso.

"Baba, ba kowa a ciki. Ya tafi tun tsakar rana, da jaka ɗaya da yarinyar. Ya ce wurin dangi zai kai ta."

"Wane gari?"

"Bai faɗa ba. Mu dai shekara uku muna tare, ba mu taɓa ganin wani nasa ya zo ba."

"Yarinyar fa? Lafiya ta fita?"

"Wayyo, abin tausayi. Ƙarfen ƙofar nan ta riƙe gam, ba kuka ba magana. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Muka ce kewar uwarta ce." Matar ta gyara goyonta, ta rage murya. "Ashe uwar ce ta kashe yaron, ko? An ce wata tsohuwar ma'aikaciya ce a asibiti ta gane ta da kallo ɗaya. Ke 'yar uwarsu ce, Baba?"

Gwaggo ta zauna a kan dakalin ƙofar.

"A'a," ta ce. "Ni ce ma'aikaciyar."