Littafin Bappayo a Cikin Gilashi

Bappayo makaho ne, ma'aikaci a wata hukumar gwamnati a nan Abuja. Tun da matarsa Asta ta rasu, ba mai karanta masa ko takardar magani. A ɗakinsa na Lugbe daga shi sai rediyo.

Da ritayarsa ta matso, hukumar ta ce za ta buga littafin bayanin fansho. Wurin tsara kasafin kuɗi Bappayo ya kafe sai an ware kason rubutun makafi, mai ƙuraje-ƙurajen nan da ake shafawa da yatsa. So yake ya san haƙƙinsa da hannunsa, ba daga bakin wani ba.

Oga Lukmanu, shugaban sashe, ya yi dariya. "Malam Bappayo, ka fi mu masu ido son karatu! To, an sa."

An sa ɗin kuwa. Amma da aka zo kan jakunkuna da kofunan da za a raba ranar ƙaddamarwa, sai kason makafi ya rame. Oga ya yi dabara: aka buga na makafi na gaske guda ɗaya tak, aka ba sakatariyarsa Rekiya ta yo fotokofinsa a madadin sauran. Baiwar Allah har cewa ta yi a ƙara tawada, ɗigon ya fito raɗau.

Ranar taro aka miƙa wa Bappayo nasa, masu hoto na ta ƙyasƙyas. Ya buɗe, ya ɗora yatsu. Sumul kamar faranti. Ya juya shafi. Sumul.

"Oga, ai ba komai a ciki."

"Haba Malam, ga su nan ɓaro-ɓaro!" Sai oga ya yi tari, ya juya wajen baƙi.

Rekiya ta raɗa masa, "Baba, na gasken yana ofishin oga."

Washegari ya je. Littafin na kulle a kabad ɗin gilashi, don baƙi su ga ana kula da makafi. Makulli na aljihun oga, oga kuwa ya tafi kwas Kaduna. Bappayo ya shafa gilashin, ya juya.

Da la'asar ya zauna ƙofar ɗakinsa, ya miƙa wa maƙwabciyarsa Hajjo fotokofin.

"Hajjo, ko za ki karanta min?"

Ta jujjuya shi. "Malam, ni kashin ƙuda kawai nake gani."

Ya karɓa, ya ɗora a cinya. Hajjo ta koma kan tukunyarta, shi kuma ya ci gaba da shafa farar takarda.