Maganin Mai Walda

Na shigo kicin na tarar da Mai Walda durƙushe gaban firijina, yana juye ƙwayoyin maganinsa cikin wata kwalba daban.

"Kai kuma me kake yi haka?" na ce.

"Rufa mini asiri, maƙwabciya."

Katanga ce kawai tsakanina da su, shi da yayarsa da ta raine shi tun yana goye. Duk layinmu Yaya muke ce mata. Ciwon zuciya iri ɗaya suka gada, mai kumbura ƙafa ya hana numfashi. Da wani kamfanin magunguna ya zo asibiti gwajin sabon magani, tare suka je. Shi aka ɗauka, ita aka ce shekarunta sun wuce ƙa'ida. Maganin sai da sanyi, ni kuma mai sayar da ƙanƙara ce, shi ya sa yake ajiyewa a wurina.

Maganin kuwa ya karɓe shi. Mutumin da ko takalmi ba ya iya sawa, sai ga shi ya koma shago yana cika mana kunne da bugun ƙarfe. Yaya kuwa a zaune take barci, don in ta kwanta numfashi ya tafi.

"Na ce mata sun sake shawara, ita ma sun saka ta," ya ce. "Wannan kwalbar tata ce."

"Kai fa?"

Ya nuna mini tasa. Farasitamol ya cika ta da shi.

"Ka haukace? To ku raba mana!"

"Na gwada. Rabi bai yi wa kowa komai ba."

"Wallahi sai na gaya wa likitoci."

"Gaya musu, su cire ni. Kin ga mun rasa ke nan, ni da ita."

Na wanke shi tas, babu abin da ban kira shi ba. Yana murmushi ya rufe firijin ya fita, ya bar ni da kuka.

Daga nan abin ya juye. Yaya ta miƙe, har shara take yi a ƙofar gida, shi kuma shagon ya rufe. Likitoci suka yi ta awo suna mamakin yadda magani ya daina aiki. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya da kanta take karɓo kwalbarsa a wurina, ta zuba masa a tafin hannu tana faɗa.

"Ni tsohuwa ya yi mini aiki, sai kai? Wasa kake da sha, na san halinka!"

"Ki yi haƙuri, Yaya," yake cewa, ya haɗiye.

Da rana tsaka ya cika, yana zaune a kujerar roba, tana matsa masa ƙafa. Sai da ta yi masa magana sau biyu kafin ta ɗaga kai.

Bayan an kwana biyu nas ɗin gwajin ta zo gaisuwa. Ta ce dokarsu ce ta tafi da ragowar maganinsa. Na ɗauko kwalbarsa daga firijina na miƙa mata, ta buɗe, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

"'Yata, gara da kika zo," in ji Yaya. "Nawa jiya ya ƙare. Shi ke karɓo mini, ban san ofishin ba."

"Naki, Mama?"

"Nawa mana, da kuka saka ni daga baya. Allah ya saka muku. Tsaya in ɗauko jakata mu tafi tare."

Nas ta dube ni. Muna tsaye a tsakar gida, muna jin Yaya a ɗaki tana jan aljihun tebur, tana neman ɗan makullin ƙofa.