Wayar Fanka

Zayyad ya kunce kwamfutarsa daga bayan babur ya ɗora ta bisa tebur, kusa da ta Malam Kalilu. Ofishin ƙungiyar 'yan albasa na Aliero ya cika tun hantsi, wasu ma ta taga suke leƙe. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Tamu, ya ce shi bai san boko ba amma ya san gwaji. Wadda duk ta fi aiki, irinta shida za a saya a raba ofisoshinsu na Aliero da Jega da Maiyama, kuma mai ita ne zai riƙa kula da su.

Shekara tara Zayyad ya yi a shagon Malam Kalilu a Jega, tun suna gyaran rediyo har dattijon ya je Kaduna ya koyo haɗa kwamfuta ya dawo ya koya masa. Bara Zayyad ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, amma har yau duk wanda ya shigo masa da aiki sai ya fara tambaya ko Malam ba ya nan ne.

Injinan biyu duk masu araha ne, bambancinsu a furosesa yake, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin. Ta Zayyad lambarta ta fi girma, ga saurin buɗe abu, sai dai tana shan wuta tana ɗaukar zafi. Ta Malam ba ta da wannan rawar kai, amma ƙaramin janareta ma yana riƙe ta wuni guda. Zayyad ya san haka sarai, domin ya gwada irinsu biyun a shagonsa har mako ɗaya. Ya zaɓi mai babbar lamba ne don yana zaton ita za ta burge 'yan kasuwa.

Aka zuba musu sunayen 'yan ƙungiya dubu uku, aka ce kowace ta jera su gari-gari ta buga. Da farko ta Zayyad ta yi gaba, har aka tafa. Da rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, janareta ya fara tari, sai ta soma tsayawa tana tunani. Ta Malam kuwa tafiyarta take yi kamar ba ta san ana rana ba. Kafin azahar ta kamo ta Zayyad, ta wuce. Alhaji Tamu ya sa aka buɗe murafunsu, ya dafa ta Zayyad ya janye hannu, ya ce wannan ai ƙosai za ta soya. Aka yi ta dariya. Malam Kalilu bai yi ba. Ya ce ma Alhaji yaron ya iya aiki, zaɓe ne kawai bai yi daidai ba.

Wannan kalma ta yaro ita ta tsaya wa Zayyad a wuya.

Da aka fita salla ya yi jinkiri, wai yana neman makullin babur. Ya sa yatsu biyu cikin injin maigidansa ya zare wayar fankar da ke sanyaya furosesa, ya tura ta ƙarƙashin sauran wayoyi, ya mai da murafun duka biyu ya ɗaure. Ya samu raka'a ta biyu, a sahu ɗaya da Malam.

Minti ashirin da komawa aiki, allon Malam ya daskare, sannan ya yi baƙi. Wari kamar na ƙonanniyar roba ya tashi. Dattijon ya buɗe murfin, ya kai fuskarsa dab da injin, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kowa a Jega ya san idonsa ya fara rauni, ba a dai faɗa a gabansa. Ya daɗe yana lalube, can ya ɗago.

"Zayyad, zo duba mini. Mi na yi ba daidai ba?"

Zayyad ya sunkuya, ya ɗan ɓata lokaci, sannan ya zaro wayar ya ɗaga ta yadda na taga ma za su gani.

"Ba ku haɗa fanka ba, Malam."

"Da safe tana juyawa. Na ji ƙararta."

"Tawa kuka ji. Ai kusa suke."

Wani daga baya ya ce makaho ya zo sayar da madubi, ofis ya ɗauki dariya. Alhaji Tamu ya ce ba zai damƙa injina shida ga wanda ba ya ganin waya ba, ya miƙa wa Zayyad hannu. Malam Kalilu ya tsaya yana kallon yatsunsa. Bai yi gardama ba. Ya ce tabbas kuskurensa ne, kwanan nan yana yawan irin wannan, Allah ya sa a nan abin ya faru ba a kayan mutane ba.

A waje ya tura babur ɗinsa ya jingine a inuwar shagon wani mai tireda, ya ce a ajiye masa, zai aiko a ɗauka. Ya zo wurin Zayyad da mataccen injin a rungume, ya ce idon da bai ga waya ba bai kamata ya hau titi ba, ko zai rage masa hanya zuwa Jega.

Zayyad ya goya shi. Suna wuce gonakin albasa dattijon ya matso da bakinsa kusa da kunnensa saboda iska, ya ce akwai mutum huɗu da suka bar masa aiki a shago, gobe zai turo masa su.