Farin Ƙyallen Malam Maiwada

Malam Maiwada na Mahuta ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba, in ka cire aljanu. Ni maƙwabcinsa ne, shekara ashirin ke nan ina shan wannan ilimi kyauta.

Bana ya sayo wani sabon maganin feshi a Funtua, wai shi nano. Ya feshe masararsa, sannan ya nufi kududdufin da ke bayan gidansa zai wanke tankin feshi. A kududdufin nan yake kiwon tarwaɗa ɗari takwas. Wata huɗu yana ɗawainiya da su, saura sati biyu masu saye su zo.

'Yarsa Amatullahi, wadda ta karanta aikin gona, ta sha gabansa.

"Baba, don Allah kada ka wanke shi nan. Akwai ƙwayoyin ƙarfe a ciki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna iya kashe kifi. Ko a jikin mutum ba a gama sanin abin da suke yi ba."

"Ƙarfe a cikin ruwa?" in ji Malam. "Ikon Allah!"

Nan take babban masanin namu ya kira mu shaida. Ya aika aka ɗauko farin ƙyallen da matarsa Sabuwa ke tace ruwan rijiya da shi. Ya tsiyaye ruwan tankin ta cikinsa, kai tsaye cikin kududdufi, ya ɗaga ƙyallen sama, fari tas.

"To ina ƙarfen, 'yar nan? Shekara uku kina makaranta don a koya miki tsoron babu?"

"Baba, hujin ƙyallen nan a wurinsu kamar ƙofar gari ne."

"To su shigo, muna yi musu maraba."

Muka kwashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Sau uku ya wanke tankin a wurin cikin satin.

Ran Juma'a da safe tarwaɗa suka taso, ciki a sama, sun rufe ruwan. Wannan karon ba a nemi ƙyalle ba, kowa ya gani. Malam ya ce a yi bandarsu a kai kasuwa. Amatullahi ta ce, "Wa zai ci, Baba?" Muka haƙa rami muka binne su, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Na raka shi gida, maƙogwaronsa a bushe. Sabuwa ta ɗebo ruwa a rijiyarsu, wadda ba ta fi taku talatin da kududdufin ba, ta tace da ƙyallen nan, ta miƙa masa a kofi.

"Sha, Malam, na tace."

Ya daɗe yana kallon cikin kofin. Ruwa garau, ko ƙura babu.

"Amatullahi," ya ce a hankali, "wannan fa?"

"Ban sani ba, Baba. Ni ma ba na ganinsu."

Ya ajiye kofin a ƙasa, bai ko kurɓa ba.