Juyi Zuwa Gabas

Ni dai aikina gudu. Tun da na fara jan motar asibiti a Illela, abin da na sani ke nan: a sa mini majinyaci, in kunna jiniya, in kai shi Sakkwato da ransa. Wanda ya ce in tsaya a hanya, rigima yake nema.

Ranar nan wani dattijo munka ɗauka, Malam Maccido, manomin albasa daga Lafani. Zuciyarsa ce ta kumbura, numfashi sai da robar iska. Nas Ramatu ta kwantar da shi rigingine, ta ɗaure shi da bel a ƙirji da cinya. Ɗiyarsa Mahbuba ta zauna kusa da kansa.

Mun wuce Gwadabawa ke nan na ji hayaniya ta 'yar tagar da ke bayana.

"Baba na son a juya shi gabas," in ji Mahbuba. "Kwance mishi igiyoyin nan!"

"Ba ni kwance bel mota na gudu," in ji Ramatu. "Rami guda za mu hwaɗa, shi hwaɗo ƙasa."

"To a tsaya mana!"

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce, "A tsaya a yi mi? Likita na can na jiranmu! Haba baiwar Allah, gabas ɗin guduwa za ta yi?"

Na ƙara taka mota. Wallahi ba mugunta ba ce, tsoro ne. Na san in na taka birki, na yarda ke nan ba za mu kai shi ba.

Sai Ramatu ta leƙo. Matar nan mun daɗe muna aiki tare, kullum faɗanta ɗaya, wai ina tafiya kamar mai jan amalanke. Yau ga abin da ta ce, a hankali: "Bashar, samu wuri."

Na gangara gefen titi, nesa da manyan motocin albasa, na kashe jiniya, na zagaya baya. Ramatu ta kwance bel, ni na kama kafaɗa, ita ta kama ƙugu, munka juya shi bisa hannun dama. Tsohon ba nauyi, kamar buhun ƙaiƙayi.

Mahbuba ba ta ce masa ya faɗi komai ba. Ta dai sa baki kusa da kunnensa tana maimaita kalmar shahada. Leɓɓansa sunka motsa, yatsansa ya ɗan ɗaga. Shi ke nan.

Ramatu ta duba wuya, ta saurari ƙirji, ta daɗe. Sannan ta shafe masa ido, ta ɗaure haɓarsa da bandeji, ta ja mayafi. Ta ce sai mun kai shi likita ya tabbatar da rasuwar kafin a mai da shi gida.

Ina tsaye ina jin haushin kaina, ina cewa na kasa, sai wayar Mahbuba ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce. Mahbuba ta gaya mata rai ya yi halinsa. Ina jin muryar tsohuwar sarai. Ba ta tambayi ko mun isa ba.

"Ya samu kalma?"

"Ya samu, Inna. Yana kallon gabas. Direba ya tsaya muna."

Sai tsohuwar ta ce a ba ni wayar. Na karɓa, na kara a kunne.

"Ɗan nan," in ji ta, "Allah shi ba ka mai juya ka."