Ɗakin Alli na Don Hilario

"Ta ƙofa, Zulema! Kin sake shigo mini ta bango."

Zulema ta dubi ƙafarta, ta ga ta taka layin allin da Don Hilario ya ja a simintin tsakar gidansa. Ta ja da baya, ta zagaya ta inda ya bar giɓi, ta zauna a kan akwakun da ke matsayin gado.

Shekara biyu ke nan maƙwabcin nata yana neman ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya. Shekara arba'in ya yi yana kai alkama Bahía Blanca a babbar mota, bai taɓa ƙetare kogin Colorado ba. Yanzu so yake ya nausa kudu har inda titi ya ƙare. Ya zana girman ɗakin a ƙasa, gado a baya, murhu a hagu, taga a saitin matashi. Dalolinsa na cikin gwangwanin kofi, kashi uku: na ɗaki, na mai, na taya da gyara.

"In na zuba duka a ɗaki, a ƙofar gida zan yi yawona," in ji shi. "Kuma kada ya wuce kilo ɗari bakwai da hamsin, tsohuwar motata ba jaka ba ce. Karanto mana."

Idonsa na ganin nesa sarai, amma ƙananan baƙaƙen waya sun fi ƙarfinsa. Shi ya sa kullum da yamma, in ta taso daga wanke-wanke a gidan burodi, take karanta masa tallace-tallace. A aji huɗu ta bar makaranta, karatunta sai da tuntuɓe. Gwaggonta Chela, wadda take zaune a wurinta, ba ta taɓa barinta ta kai ƙarshen magana ba. Shi kuwa sai ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin da ake sha a ƙasarsu, ya miƙa mata, ya jira.

"Wannan ɗari tara ne."

"Giwa ce. Wuce."

"Wannan an ce rufin yana ɗan yoyo."

"Ɗan yoyo! Ni ma ɗan tsufa kawai nake yi. Wuce."

Ranar wata Alhamis a watan Maris ta ga irin ɗakin da yake nema. A Santa Rosa yake, tafiyar awa ɗaya da rabi. Kilo ɗari shida da tamanin, sabbin tayoyi, taga a baya, kuɗin bai ma kai kason ɗakin ba. Ta karanta sau biyu a zuci. Ta dubi kujerarsa, ta dubi ƙoƙon da ke hannunta. Ta tuna yadda yamma take a gidan Gwaggo, talabijin na ihu, ba mai cewa da ita zauna.

"Kika yi shiru, 'yar nan?"

"Tallar firiji ce," ta ce, ta ture tallar da yatsa.

Daren nan ta ce gobe za ta faɗa. Goben ta zo, ta ce sai jibi. Kwana tara tallar na nan, a na goma aka rubuta an sayar. Tun daga nan in ya miƙo mata mate, kurɓa ɗaya take yi ta mayar masa.

Sanyin hunturu, wanda a can a watan Yuni yake zuwa, ya kama masa huhu. Ya yi sati biyu a asibiti, aka dawo da shi gida ya rame, 'yarsa Mirta ta zo daga Córdoba tana jinya. Zulema kan kai miya ta miƙa daga bakin ƙofa ta gudu.

"Ki shiga mana," in ji Gwaggo Chela. "Da kina can kullum kamar an binne cibiyarki, yanzu da yake kwance kike jin kunya?"

Mirta ce ta jawo ta ciki wata la'asar. "Baba ya dame ni da tambayarki."

Yana jingine da matashi uku, an buɗe masa taga yana kallon tsakar gida.

"Sakatariya, kin gudu da ofis. Akwai sabo?"

Ta tsaya riƙe da kwanon miya.

"Don Hilario, an samu ɗaya. Tun Maris. Na gani, ban karanta maka ba."

"Kilo nawa?"

"Ɗari shida da tamanin."

"Taga?"

"A baya. Saitin gado."

Ya rufe ido. Numfashinsa na fita da ƙara, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Ta jira ya tambaye ta dalili, ta ma shirya amsar, bai tambaya ba.

"Da yanzu ina can kudu, a San Julián," ya ce a hankali. "Ko da wannan tarin ne."

Miyar ta zubo mata a yatsa, ba ta motsa ba.

"Kina da tallar har yanzu?"

"Na ɗauki hotonta."

"To zauna. Karanto, tun daga farko. Kada ki tsallake komai."

Ta karanta. Fari ne da ratsin kore, murhu mai kai biyu, tankin ruwa lita sittin. Ta yi tuntuɓe sau uku, duk ya jira ta.

"Da na sa mai shi ya rage kuɗin," ya ce. "Mutanen Santa Rosa ba su iya ciniki ba."

Kwana biyu bayan nan ya rasu, da hantsi, Mirta na yanke masa farce.

Ranar da aka binne shi, maƙwabta suka cika tsakar gidan. Aka jawo akwakun aka ɗora faranti a kai, takalma suka yi ta bi ta kan murhu da taga. Da kowa ya watse, Zulema ta tsaya tattara kofuna. Allin ya goge sai ɗan abin da ya rage a kusurwoyi. Ta iske kanta a tsakiyar ɗakin, tire a hannu, ƙofar kicin na gabanta taku uku. Ta juya, ta nemi inda giɓin yake, ta fita ta nan.